Alhamis a Gaɓar Maiurno

Ran Alhamis bayan la'asar ba a ban-ruwa a gonarmu.
Albasa ta yi haƙuri, ayaba ta jira.
Baffa Ilu kan ce wanda ya kwana shida
yana ɗauko Nilu a ka zuwa tudu
ya cancanci a tambaye shi ya jiki.

Sai mu gangara, ni da shi,
ni da gwangwanin madara cike da notuna,
shi da sufana lamba goma
da ya sayo a Sinnar tun ba a yaye ni ba.

Da ɗuminsa ake zubar wa inji mai.
In ya huce, dattin kwanciya yake yi.
Na kwance noti, na tara kwano,
ya fito baƙi ƙirin, a hankali, kamar ba ya son rabuwa.
Baffa ya dangwala yatsa, ya murza,
yana laluben garin ƙarfe.
"Babu. Ringi da sauran kwana."

Matatar iska soso ce kawai,
amma duk ƙurar da motocin Singa suka tayar a mako
a nan ta sauka.
Na wanke da ruwan sabulu, na matse ban murɗe ba,
na shanya a reshen bagaruwa.

Fulogi kuwa nasa ne, ba ya ba kowa.
Yana duba bakinsa yadda ake duba haƙoran akuya a kasuwa.
In ya yi baƙi, fetur ya yi yawa.
In ya yi fari fat, ƙishi ne.
Launin gefen kisira da ta ji wuta daidai,
shi ake nema.
Ya goge, ya hura, ya auna rata da farcen babban yatsa.

Ni ke shiga ruwa har ƙugu
in ciro bakin tiyo daga lakar da ta taso tun daga Habasha.
Ciyawa, leda, wata rana har ɗan karfasa
da ya ɗauka ya sami ɗaki.

Bara Tukur mai kuɓewa ya yi mana dariya daga kan iyaka:
"Injin da ke tashi me za a taɓa masa?"
Ana tsakiyar zafi nasa ya yi tari biyu, ya sandare.
Kwana huɗu, ganye ya sunkuya.
Ya zo aro da hula a hannu.
Baffa bai ce komai ba. Ya ba shi injin,
ya haɗa masa da mazurari da tsumma.

Yanzu kunnen Baffa ya yi nisa.
Shi da yake jin noti ya saki tun daga ƙofar masallaci,
sai an maimaita masa sallama.
Yau ma wani ya kuɓuce daga yatsunsa ya faɗa laka.
Na tono, na goge a riga, na miƙa masa.
Bai karɓa ba. Sufanar ya miƙo.

"Ɗaure. Kar ka ɗaure da fushi.
In ya ce ya isa, ƙara masa kaɗan, ka ƙyale shi."

Na zuba sabon mai mai launin zuma har bakin zane.
Na buɗe fetur, na rufe cok,
na ja igiya a hankali sai da na ji ta cije,
sannan na fizga.
Ɗaya. Biyu.
Hayaƙi kaɗan, tiyo ya kumbura, ruwa ya kama hanyar tudu.

Baffa ya ɗora tafin hannu a kan tanki,
ya lumshe ido, ya daɗe.
Tsuntsaye sun gama tsallake kogi, ana kiran magariba.
"Kashe," ya ce. "Gobe Juma'a.
Ka tuna mini bel, ya soma tsagewa."